Takardar Matuƙi Da Ta Tsaya A Bakin Iyaka

A wani gari na ƙasar Zazzau, ba nisa da hanyar da ta nufi Funtuwa, akwai wani dattijo wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a makarantar elementare kafin ya huta. Ba mai dukiya ba ne, amma ya gaji gona biyu wurin mahaifinsa, ɗaya ta tudu ɗaya ta fadama, da waɗansu 'yan shanu da ya ba wani Bafillace kiwo. Ɗansa na fari kuwa tun yana ƙarami ba shi da zance sai na jirgin sama. In ƙananan jiragen Zariya suka bi ta kan garin, watau na makarantar koyon tuƙi wadda aka kafa a 1964, sai yaron ya ajiye allo ya fita waje ya ɗaga kai, ba ya komowa sai sun ɓace masa. Ya sha bulala a kan wannan, bai bari ba.

Da ya girma ya nemi gurbi a makarantar nan ta Zariya bai samu ba, gama masu nema sun fi wurin yawa. Dattijo ya yi shawara da 'yan'uwansa, ya sayar da fadama da rabin shanun, kawunnan yaron suka yi karo-karo, aka aika da shi Amurka, wata jiha da a ke kira Fulorida, inda makarantun tuƙi su ke da yawa domin ana iya tashi a can kusan dukan shekara. Ya yi shekara guda da rabi. Ya cika awa 250 a sama, wadda ita ce ƙa'idar Amurka ga mai son ya yi tuƙi a biya shi, ya ci jarrabawarsa, ya komo gida.

Ran da ya iso zaure ya cika maƙil da masu barka da zuwa. Sai bayan isha'i, da mutane suka watse, uban ya samu ganinsa shi kaɗai. Da ya ke ɗan fari ne ba ya kiran sunansa, sai ya ce, "To, kai wannan, ina takardar?" Shi a zatonsa za a warware masa wata babbar takarda mai jan hatimi, irin wadda a ke sa wa gilashi a rataye a bango. Sai ga yaron ya zaro wani ɗan katin roba daga aljihu, bai fi tafin hannun jariri ba. Dattijo ya sa tabarau, ya matso da fitila, ya juya katin gaba da baya. A bayansa akwai hoton Turawa biyu.

Ya ce, "Ina naka hoton? Waɗannan kuma su wane ne?"

Yaro ya ce, "Baba, ba su sa hoton mai takarda. Waɗannan wa da ƙane ne, su Rayit, waɗanda suka fara tayar da jirgi mai inji a 1903."

Dattijo ya yi shiru, ya sāke juya katin, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Ashe fadamata ke nan. Allah ya sa albarka."

Saurayin nan ya taɓa ji a makaranta cewa in ya komo gida sai ya sauya takardarsa da ta ƙasarsa, amma ya ɗauka aikin mako guda ne, kamar mai canjin kuɗi a Jibiya, a miƙa naira a karɓi sefa. Wanda ya fara wayar masa da kai wani tsohon kyaftin ne, mutumin garinsu, mazaunin Kano, wanda ya yi tuƙi a kamfanin jiragen sama na gwamnati har kamfanin ya rushe a 2003. Ya je gaishe shi, ya durƙusa ya miƙa masa katin. Kyaftin ya duba ya mayar masa, ya ce, "Ɗana, takardarka ta gaskiya ce, ba mai musun wannan. Amma yau ba za ta tayar maka da jirgi ko ɗaya a ƙasar nan ba. Jiragen da ka koya da su, wane harafi ke jikinsu?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, N ne, sa'an nan lambobi."

Kyaftin ya ce, "To, je filin jirgi ka duba namu, za ka ga 5N. Na Nijar 5U, na Gana 9G, na Ingila G. Takardar matuƙi harafin jirgi ta ke bi. In ka samu jirgi mai N, ɗauko shi daga Amurka ka sauka Kano da katin nan, ba mai ce maka uffan. Amma mai 5N, ko daga nan zuwa Kaduna ne, sai da takardar Nijeriya."

Mai karatu zai ce wannan wace irin doka ce, sararin sama ai ɗaya ne, iskar da ta ɗauki jirgi a can ita ce za ta ɗauke shi a nan. Haka ne. Amma a duba al'amarin alƙali. Mutum ya yi karatu ya sauke Risala da Muhtasar, malamai sun shaida saninsa, an naɗa shi alƙali a Katsina. In ya taso ya zo Kano, karatunsa na nan a kansa bai ragu da ko wasali ɗaya ba, amma ba shi da ikon ya zauna ya raba gado ko ya kashe aure sai an naɗa shi a nan. Dalili kuwa, in ya yi kuskure, wanda ya naɗa shi shi za a tambaya. Haka jirgi ya ke. Ƙasar da ta rubuta shi a littafinta ita ke ɗauke da alhakinsa a idon duniya, ko'ina ya tafi, saboda haka ita ce za ta ce ga wanda ta yarda ya zauna a gabansa.

Asalin wannan tsari yana da ɗan nisa. Sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925, waɗanda su ne na farko da aka gani a nan, jirgin sama abin kallo ne kawai. Cikin shekara ashirin ya zama abin fatauci da ɗaukar mutane. A ƙarshen 1944, yaƙin duniya na biyu bai ko ƙare ba, wakilan ƙasashe suka taru a birnin Shikago na Amurka, ran 7 ga Disamba ƙasa 52 suka sa hannu a kan yarjejeniyar da har yau a ke aiki da ita. Daga cikinta ne aka kafa ƙungiyar ICAO a 1947, mazauninta birnin Mantiriyal na Kanada. Nijeriya ta shiga a 1960, yanzu kuwa ƙasashen da ke ciki 193 ne. Ƙungiyar nan ba ta ba kowa lasin. Abin da ta ke yi shi ne ta aza mafi ƙarancin abin da za a nema: mai tuƙin haya ya kai shekara 18 da awa 200 a sama, mai son babban lasin na shugaban jirgin fasinja ya kai shekara 21 da awa 1,500. Kowace ƙasa tana iya ƙari a kan wannan, kamar yadda Amurka ta mai da 200 ɗin 250. Sashe na 32 na yarjejeniyar shi ne ya ce lasin matuƙi sai ya fito daga ƙasar da ta yi wa jirgin rajista, ko ita ta bayar da kanta, ko ta amince da wanda wata ƙasa ta bayar. Har ma ya ƙara da cewa ƙasa tana da ikon ta ƙi lasin da wata ƙasa ta ba ɗanta, in a sararinta zai tashi. Wannan ƙarin sai ka ce don saurayin nan aka rubuta shi.

Ƙofa biyu ce a ke shiga. Ta farko ta baƙo ce mai 'yan kwanaki: hukuma ta dubi lasin waje ta ba da wata takardar amincewa ta ɗan lokaci, a riƙa haɗa su biyu. Ran da na asalin ya mutu, ita ma ta mutu. Da irin wannan ne kamfanoni kan ɗauko matuƙan waje su yi musu aiki na wani lokaci. Ta biyu ta mai zama ce: a ba shi lasin ƙasar, nasa na kansa, wanda ba ya jingine da na kowa. Saurayinmu ta biyu ya ke bukata, gama gida ya zo.

Ya tafi ofishin hukumar da ke kula da wannan sha'ani, wadda a ke taƙaita sunanta NCAA, aka karanta masa abin da zai kawo. Da littafin da ya ke rubuta awoyin tashinsa, da takardun makaranta, da shaidar likita, da shaidar jin Turanci, sa'an nan ya zauna jarrabawa a rubuce, ya kuma tashi da mai gwadawa. Amma kafin duk wannan sai an rubuta wa ofishin Amurka da ke ajiye sunayen matuƙa, can birnin Okalahoma, su tabbatar lalle sun san katin nan da mai shi. Amsar kuwa daga ofis zuwa ofis ta ke tafiya, ba ta biyowa ta hannun mai nema.

A nan ne ya fara cin tuntuɓe, a kan abin da bai taɓa kawowa a ransa ba, watau sunansa. Sunan Manzon Allah gare shi, wanda a ke rubutawa da boko iri huɗu ko biyar. Tun a elementare malamin da ya rubuta shi a rajista ya haɗa masa da sunan garinsu, kamar yadda aka saba, haka kuma ya bi shi har fasfonsa na farko, har katin Amurka. Da ya komo fasfon ya ƙare, ya sabunta, aka daidaita shi da katin ɗan ƙasa, wanda ke ɗauke da sunan mahaifinsa da wani rubutun dabam. Malamin ofis ya jera takardun a kan tebur ya ce, "Malam, a nan ina ganin mutum biyu. Wanne ne kai?" Saurayi ya yi dariya, yana tsammani wasa ne. Malamin bai yi dariya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san gaskiyar malamin nan: harafi ɗaya ya isa a karɓi kuɗin mutum sau biyu, ko kuwa wani ya tsere bai biya ba. Sai da ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne wannan shi ne wancan, ya buga sanarwa a jarida, aka sāke aika wasiƙa. Abin da ya ƙiyasta mako guda ya ci wata uku.

Yana ta gunaguni wurin Kyaftin, wai an mai da shi kamar ɓarawo. Kyaftin ya bar shi ya gama, kāna ya ba shi labarin Pakistan. A watan Mayu 2020 jirgin kamfanin ƙasar ya faɗi cikin gidaje a birnin Karaci, mutum 97 daga cikin 99 da ke ciki suka rasu. Bayan wata guda ministan jiragen sama ya tashi a majalisa ya ce cikin matuƙan ƙasar 860, akwai 262 da a ke shakkar yadda suka ci jarrabawarsu. Ko da ya ke bincike ya rage yawan daga baya, ɓarnar ta riga ta auku. Ƙasashen Turai suka hana kamfanin sauka, ba su janye ba sai a ƙarshen 2024, matuƙan Pakistan masu aiki a waɗansu ƙasashe kuma aka dakatar da su har a tantance takardunsu, mai gaskiya da marar gaskiya. Kyaftin ya ce, "Wasiƙar nan da ka ke ƙorafi a kanta, ita ce za ta tsare maka mutunci ran da wani ya yi ƙarya."

Cikin jiran nan ne uban ya sa hannu a aikin. Littafin awoyi sai an bi shi shafi shafi an tabbatar jimillar daidai ta ke. A Amurka kuwa ba su cika rubuta awa da minti ba, sun raba awa kashi goma, kowane kashi minti shida. In an rubuta 1.5, awa ɗaya da rabi ke nan, ba awa ɗaya da minti biyar ba. Dattijo ya ji wannan ya ce ai lissafi aikinsa ne. Dare uku suna zaune a zaure, ɗa na karantawa uba na tarawa da fensir. A shafi na goma sha wani abu tsoho ya tsaya, ya ce an ɗauko jimilla daga shafin baya an ƙara awa biyu da ba su. Suka sāke bi, ashe gaskiyarsa. Yaron ya ja layi ɗaya a kan kuskuren, ya gyara ya sa hannu, gama ba a goge kome a littafin nan. Awa biyu ba su rage shi da kome ba, tun da ya zarce abin da a ke nema. Amma tun daga daren nan tsoho ya daina kallon al'amarin daga nesa.

Amsa ta zo daga Okalahoma, aka sa masa ranar jarrabawa ta dokokin sama da tsarin aiki na ƙasar nan. Kyaftin ya ba shi littattafai, ya ce ya karanta. Ya karɓa ya gode, ya kai ɗaki ya ajiye. A ransa yana cewa wanda ya ci jarrabawar Amurka, ta gida ce za ta gagare shi? Ya shiga ya fito yana fara'a. Sakamako ya fito, ya faɗi.

Abin da ya kā da shi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar maganar. A gaban matuƙi akwai wani agogo mai nuna nisan jirgi daga ƙasa. Agogon nan ba igiya ya ke zurawa ba, nauyin iska ya ke aunawa, gama iska tana raguwa in ana hawa. To, nauyin iska a ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya, na yau dabam na gobe dabam, na Kano dabam na Ikko dabam. Saboda haka kafin a tashi ko a sauka, mai hasumiya ya kan faɗa wa matuƙi nauyin iskar wurin, shi kuma ya murɗa agogonsa ya daidaita. A Amurka da inci a ke faɗa, madaidaicinsa 29.92. A nan da yawancin duniya da wani ma'auni a ke faɗa mai suna hektofaskal, madaidaicinsa 1013. Kowane ɗaya na wannan ma'auni kusan ƙafa talatin ne. Yanzu a ce mai hasumiya ya ce 992, yana nufin hektofaskal. Wanda kunnensa ya saba da Amurka sai ya ji kamar 29.92 aka taƙaita masa, ya murɗa haka. Agogonsa zai nuna masa yana can sama, alhali kuwa ya fi abin da ya ke gani kusa da ƙasa da wajen ƙafa 600. Da rana tsaka, sarari garau, idonsa zai cece shi. Da dare fa, ko cikin hazo, a kusa da duwatsun Jos inda filin jirgin kansa ya haura ƙafa 4,000?

Ba wannan kaɗai ba. In jirgi ya kai wani tsawo, dukan matuƙa su kan bar nauyin iskar gari su koma kan madaidaicin, don jiragen da ke can sama su zama da ma'auni ɗaya kada su yi karo. A Amurka ƙafa 18,000 ne ko'ina. A nan kowane fili da nasa, kuma ƙasa da haka ƙwarai. Nisan da ido ke iya hange, can da mil a ke faɗa, nan da mita. Saurayin ya amsa tambayoyin nan da abin da ya haddace a Fulorida, kowace amsa daidai ce a can, kuskure ce a nan. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Abin mamaki a nan, baƙon ɗan gida ne.

Komowarsa gari da wannan labari ta fi masa kome ciwo. Samari a dandali suka laƙaba masa suna, wai direba ba mota. Wata gwaggonsa ta zo har gida ta ce da an bar fadama da yanzu ana cin albasa. Inna ba ta ce kome ba, sai dai ta riƙa ƙara masa tuwo. Uban ne ya kira shi zaure ya ce, "Na yi shekara talatin ina ba yara sifiri. Ban taɓa ganin wanda sifiri ya kashe ba. Ina littattafan da Kyaftin ya ba ka?" Yaro ya sunkuyar da kai, ya je ya ɗauko su, ƙura ta rufe su.

Jira kuwa ga matuƙi asara ce ta musamman, domin hannu yana mantuwa, doka ma ta san da haka. A ƙa'idar Amurka, wanda ya yi wata shida bai yi saukar agogo sau shida ba, watau saukar da a ke yi da na'ura ba da kallon waje ba, ba shi da ikon shiga gajimare sai ya sabunta. Takardar likita ma shekara guda ta ke yi ta mutu. Kuɗi na fita, ba abin da ke shigowa. Ya kama koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da rana, da dare ya yi karatu, tsoho na yi masa tambayoyi daga littafin kamar mai sauraron hadda. Ba a jima ba dattijon nan da bai taɓa shiga jirgi ba ya san bambancin inci da hektofaskal fiye da yawancin fasinjoji.

Ya koma ya ci. Ya je wurin likitan da hukuma ta yarda da shi, gama ba kowane likita ba ne, aka auna zuciyarsa da jinsa da ganinsa, har da ko yana rarrabe ja da kore. Aka gwada Turancinsa. Wannan ma ba don ado ba ne. A 1977 manyan jirage biyu suka yi karo a kan filin Tenerif, mutum 583 suka halaka, rashin fahimtar magana tsakanin matuƙa da hasumiya na cikin dalilan. A 1996 waɗansu biyu suka haɗu a sama kusa da Delhi ta Indiya, mutum 349. Tun 2008 ICAO ta ce mai tashi tsakanin ƙasashe sai ya kai mataki na huɗu cikin shida na jin Turanci, wanda ya tsaya a na huɗun kuma a riƙa sāke gwada shi bayan 'yan shekaru.

Saura tashi da mai gwadawa. Ya yi hayar ƙaramin jirgi da kuɗin koyarwarsa da na sa guda da aka sayar. Lokacin kuwa ya faɗo tsakiyar hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadar Cadi ta rufe ƙasa, rana ta zama kamar faifai fari, wani yini ba a hangen mita dubu. Sau biyu ana ɗagawa. Ran na uku hazo ya ɗan yi sauƙi suka tashi. Da suka hau, ƙasa ta ɓace, sama ta ɓace, ba gabas ba yamma, sai agogunan da ke gabansa. Bai taɓa ganin irin wannan a Fulorida ba, inda gajimare ke da gefe, a shiga a fita. Da suka juyo za su sauka mai hasumiya ya faɗi nauyin iska. Ya maimaita lambar, ya faɗi sunan ma'aunin da bakinsa, ya murɗa, ya sāke dubawa. Mai gwadawa, wanda tun da suka tashi bai ce kome ba sai umurni, ya rubuta wani abu a takardarsa. Suka sauka lafiya.

Kada dai a ce dukan abin da ƙasashe ke nema a wannan sha'ani don tsare rai ne. Wani don tsare rai ne, wani kuwa don tsare tuwo. Wani abokinsa da suka yi makaranta tare ya nufi Turai, ya tarar sai ya zauna jarrabawa goma sha uku, kowace sai ya sami 75 cikin ɗari, ya kuma gama su duka cikin wata 18 daga ƙarshen watan da ya fara. Ko kyaftin mai furfura, mai awa dubbai, in daga waje ya zo da lasinsa ba ya tsira daga takardun nan. Da wuya a ce mutumin da ya yi shekara ashirin yana ƙetare teku bai san yadda a ke lissafin mai ba. Abin da ya fi nuna haka shi ne na Ingila. Da ta fita daga tsarin Turai a ƙarshen 2020, matuƙin da ke da lasin Ingila ya kwanta yana da ikon tuƙa jirgin Faransa ko na Jamus, ya wayi gari ba shi da shi, hannunsa da idonsa kuwa ba abin da ya same su cikin dare. Masu dabara tun kafin ranar suka mai da takardunsu Ailan ko Ostiriya. Amurka da Kanada kuma, da ya ke sun yi yarjejeniya tsakaninsu, matuƙin ɗaya ya kan sami lasin ɗayar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Shekara guda da 'yan watanni bayan daren da ya nuna katin roba a zaure, saurayi ya kawo wa ubansa lasin Nijeriya. Ya kuma gaya masa gaskiyar abin da ya rage, gama yanzu ya daina ƙiyasta kome da mako guda. Babban jirgi kowane iri da nasa karatun, wanda ya iya ƙarami ba za a ba shi Boeing ba sai ya yi makonni a cikin injin kwaikwayo an rubuta masa irin jirgin a lasinsa, wannan kuwa kuɗi ne masu yawa. Kamfanoni kuma sun fi son mai awoyi. Ya ce ya sami alkawarin aikin koyar da sababbin ɗalibai a ƙananan jirage, da haka zai riƙa tara awoyinsa sannu sannu har 1,500.

Tsoho ya sa tabarau ya karanta lasin tun daga farko har ƙarshe, ya duba rubutun sunan harafi harafi. Ya jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, inda takardar cinikin fadama ta ke. Ya ce a ba shi takardar rantsuwar kotu da ta faɗuwar jarrabawa, ya ninke su ya sa tare da ita. Sa'an nan ya ce, "To, yanzu da wannan kana iya zuwa Yamai?"

"Ina iyawa, Baba, har Jidda ma, muddin jirgin mai 5N ne."

"In kuma mutanen Nijar suka ce ka zo ka tuƙa nasu, mai 5U?"

"Sai in kai musu littafin awoyi, su rubuto nan a tabbatar, in zauna tasu jarrabawar."

Dattijo ya rufe akwatin, ya sa kwaɗo, ya tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Ya ce, "To, ka riƙe 5N ɗin nan tukuna. Gonar tudu ba ta sayarwa ba ce."